Yadda na haɗa fosta mai ninkewa ta wasan barkwanci, daga farar takarda har bakin inji

Na kai shekara shida ina aikin zane a kwamfuta a Kano: katin biki, sitika, kalandar makarantun Islamiyya, allon shago. Amma ban taɓa yin fosta mai ninkewa ba sai a azumin 2024, kuma aikin ya ci mini kwanaki da kuɗin da bai kamata ya ci ba, don kawai babu wanda ya faɗa mini ta inda ake farawa. Tun daga lokacin mutum uku cikin abokan sana'a sun kira ni da irin tambayoyin da na yi ta yi wa kaina, shi ya sa na ga gara in rubuta abin daki-daki yadda ya faru.

Ranar huɗu ga azumi wani mai shirya wasanni ya kira ni ofishinsa a wajen Titin Gidan Zu. Yana shirya wasan barkwanci na bayan Sallah, 'yan wasa biyu a dandali ɗaya, ɗaya Bakano ɗaya Bazazzagi, a kan tsohon wasan nan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Ya ce ya gaji da fostar bango, domin yau ka liƙa, gobe wani ya liƙa tasa a kai, jibi yara su yage. Yana son abin da za a miƙa wa mutum hannu da hannu a Kantin Kwari, da kasuwar waya ta Farm Centre, da shagunan teloli da na masu kitso da lalle, inda ake cika a ƙarshen azumi. Ya shiga aljihu ko jaka, in an je gida a buɗe shi ya zama babbar fosta. Kwafi 1,000 yake so. Muka yi ciniki, ya ba ni rabin kuɗin aikina, ya ce kuɗin bugawa sai na kawo masa lissafi. A nan muka fara cin karo da maganar rana. Shi so yake a rubuta “Sallah da kwana uku”. Na ce, “Alhaji, ƙaramar Sallah ce fa, sai an ga wata. Ko Talata 9 ga Afrilu ko Laraba 10, kuma za mu buga tun kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa.” Muka tsaya a kan Asabar 13 ga Afrilu, wadda ko ta yaya watan ya kama tana bayan Sallah, muka bar ƙidayar kwanaki. Daga baya ba a ga wata ba ranar Litinin, aka cika talatin, aka yi Sallah Laraba.

Na koma gida na buɗe CorelDRAW, manhajar da nake zane da ita, na yi abin da na saba. Na ɗauki shafin A3, na sa hoton 'yan wasan a tsakiya, suna a sama, rana da wuri a ƙasa. Na buɗe shafi na biyu na raba shi gida huɗu, na yi bangon gaba a ɗaya, na zuba bayanin tikiti da sunayen masu ɗaukar nauyi a sauran. Dare uku na yi a kai bayan tarawihi. Na tura wa Alhaji ta WhatsApp, ya ce ya yi kyau ƙwarai. Washegari na je wani shagon bugawa a Sabon Gari na ce a fitar mini da kwafi ɗaya gaba da baya a injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, na biya naira 1,500. Ina tsaye a wajen na ninke shi biyu, na sake ninkewa. Gabana ya faɗi. Layin ninki na tsaye da na kwance sun haɗu daidai a kan hancin Bazazzagin, sun yi masa gicciye a fuska. Lambar wayar sayen tikiti ta tsinke gida biyu. Bangon gaba kuma, wanda shi mutum zai fara gani, ya koma ciki, abin da ya fito waje jerin masu ɗaukar nauyi ne, su ma kansu a ƙasa.

Akwai wani dattijo a maɗaba'ar da ke maƙwabtaka da shagon, shi ke tuƙa injinsu, kowa Baba yake ce masa. Ya ga na yi shiru da takarda a hannu, ya karɓa ya juya ta sau biyu. Ya ce, “Yaro, ka ninke farar takarda kafin ka kunna kwamfuta?” Na ce a'a, Baba. Ya jawo wata farar takarda daga tarin da suka lalace, ya ninke ta daga sama zuwa ƙasa, ya sake ninkewa daga hagu zuwa dama, ya ba ni biro. Ya ce in rubuta 1 a fuskar da nake kallo, in ja kibiya mai nuna sama. In buɗe kamar littafi in rubuta 2 da 3 da kibiyoyinsu. In rufe in juya baya in rubuta 4. Sannan ya ce in warware duka in shimfiɗa a tebur. Da na shimfiɗa sai na ga abin da dare uku a gaban kwamfuta bai nuna mini ba: 4 da 1 suna rabi ɗaya, 2 da 3 suna ɗaya rabin, kuma kibiyoyin ɓangarorin biyu suna kallon juna, kai da kai. Wato dole rabin shafin bayan ya zauna a kife a cikin kwamfuta kafin ya fito daidai a hannu. Ɗaya fuskar kuma, wadda ba a rubuta komai ba, ita ce babbar fostar, da gicciyen ninki a tsakiyarta.

Ga ma'aunin ga mai bukata. A3 milimita 297 ne a faɗi, 420 a tsawo. Ninki ɗaya ya mayar da ita A4, wato 210 da 297. Ninki na biyu ya mayar da ita A5, wajen 148 da 210, girman ƙaramin littafi. In ka ƙara na uku ta zama A6, wadda ta fi shiga aljihun gaba na riga, amma layukan da za su ratsa fostar sun ƙaru, kaurin kuma ya zama takarda takwas a kan juna. Mun gwada duka biyun da Alhaji a aljihun kaftaninsa. A5 ta shiga aljihun gefe ba tare da ta tanƙware ba, muka tsaya a kanta.

Abin da ya fi yi mini amfani a duk aikin shi ne zaman da na yi da 'yan wasan su biyu, bayan shan ruwa, da wannan farar takarda mai lambobi a tsakaninmu. Na nuna musu cewa mai karɓa zai ga abu sau uku: bango, sai ya buɗe ya ga shafi biyu, sai ya warware ya ga fosta. Bakanon ya karɓa ya yi ta buɗewa yana rufewa, can ya ce, “Ai wannan irin aikinmu ne. Ka ɗauko magana, ka ja ta, ka yi shiru, sannan ka sake ta. In ka saki ƙarshen tun farko babu mai dariya.” Wannan magana ita ta rushe zanena na farko gaba ɗaya. Da na cusa komai a bangon gaba, suna da hoto da rana da farashi, don ina tsoron kada mutum ya ƙi buɗewa. Shi kuwa ya nuna mini cewa in ka ba mutum komai a bango, ka ɗauke masa dalilin buɗewa ke nan. Muka yi ta jefa magana har wajen sha ɗaya na dare. A ƙarshe bangon gaba ya zama jan fili da layi ɗaya tak: “Bakano da Bazazzagi sun iso tasha tare.” In ka buɗe, da manyan haruffa a shafi biyun: “Ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya!” In ka warware, ga su nan su biyu kowa ya riƙe gefen kujera ɗaya yana hararar ɗan uwansa, a sama an rubuta “Ranar Asabar za a san mai hawa.” Rana da wuri da lokaci muka sa a ƙasan fostar, muka maimaita su a bangon baya tare da kuɗin tikiti, saboda wanda ba zai taɓa buɗewa ba ya juya kawai ya gani. Ina ganin duk wanda ya taso yana jin 'yan kama, ko yana kallon marigayi Rabilu Musa Ibro, ya san wannan ɗan shirun da ake yi kafin a saki magana. Ban taɓa tunanin takarda ma tana iya yin sa ba sai ranar.

Hoto ya ɗauki kwana biyu. Waɗanda aka turo mini da farko duk ta WhatsApp suka zo, a waya suna da kyau, amma da na ja su zuwa girman A3 sai fuskokin suka yi dishi-dishi kamar an shafa musu ruwa. Ana son ɗigo 300 a kowane inci in za a buga abin da za a riƙe a hannu a kalla kusa, wanda ke nufin cikakken shafin A3 yana bukatar hoto mai ɗigo 3508 a faɗi da 4961 a tsawo. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi in an tura shi a matsayin hoto, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Muka je situdiyo muka biya naira 10,000. Na tafi da farar takardata, na roƙi mai ɗaukar hoton ya bar fili a tsakanin mutanen biyu, kujerar ta zauna a tsakiya, fuskokinsu kuma su kasance a sama sosai. Da na ɗora hoton a shafi, layin tsaye ya ratsa ta tsakiyar kujera, ɗaya yana hagu ɗaya yana dama, na kwance ya bi ta ƙasan ƙirjinsu, gicciyen ya faɗa a kan katako. Bazazzagin da ya gani ya ce layin nan shi ne iyakar Kano da Zariya. Na ja layukan jagora a kwamfuta, na hana kowane rubutu matsowa kusa da ninki ko bakin takarda da ƙasa da milimita 5. Alamar QR ta sayen tikiti ma na kai ta bangon baya inda ninki ba ya taɓa ta, na buga ta a girman da za ta fito na gwada da waya uku.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya, wadda har yau take ba ni haushi in na ga allunan gari. Salon rubutun da na zaɓa wa kanun fostar mai kauri ne mai kyau, amma ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, ba shi da ɓ. In ka rubuta “ɗan kamasho” ko “ɗaya” sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ta saka akwati a gurbinsa. Wani abokin aiki ya ce in rubuta d kawai, kowa zai gane. Ban yarda ba. Fostar Hausa ce, ta wasan da gaba ɗayansa a kan harshe yake, kuma tsakanin “ƙasa” da “kasa” akwai tafiya. Ƙananan rubutu na mayar da su Noto Sans, wanda ke da haruffan duka. Na kanu kuma na mayar da haruffan zane, na ɗebo lanƙwasa daga jikin harafin f na wannan salon na ɗora wa d da k da hannu, don kaurin ya zo ɗaya. Sa'a biyu ya ci. Wani abu kuma: bayanin da sakataren Alhaji ya turo an buga shi ne da tsohon salon Rabi'at, ɗaya daga cikin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro tun kafin wayoyi da kwamfutoci su samu haruffanmu. Salon ya yi wa Hausa aiki sosai a zamaninsa, amma in kwamfutarka ba ta da shi, gurbin masu ƙugiya sai ka ga wasu alamomi na daban. Sai da na bi layi-layi na sake bugawa.

Zane ya kammala ranar goma sha biyu ga azumi, amma ban kai maɗaba'a ba. Alhaji yana jiran takardar izini daga hukumomin da abin ya shafa, da kuma tabbacin masu zauren. Ya matsa mini in kai a fara, ya ce magana ta riga ta ƙare, sa hannu kawai ya rage. Baba kuma ya riga ya gaya mini cewa in goman ƙarshe ta shiga zai tafi i'itikafi, yaransa kuma aikin Sallah zai yi musu yawa. Kwana uku na yi a tsakanin matsin nan biyu, ba na barci sosai. Na dai ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, in an ƙona filet ba a gyara ko waƙafi.” Filet su ne farantan ƙarfen da ake ɗaura wa injin bugawa. Da takardar izinin ta fito sai ga shi an mayar da wasan daga ƙarfe 8 na dare zuwa ƙarfe 4 na yamma. Da mun buga, da kwafi dubu sun tashi a banza. Na gyara, na sake fitar da kwafin gwaji a kan wata naira 1,500, na ninke shi, na kai masa. Na sa ya karanta kowane layi da ƙarfi, ya kira lambar wayar da ke jiki muka ji ta shiga, sannan ya sa hannu da kwanan wata a bayan takardar. Ita na riƙe a matsayin shaida.

Wajen sayen takarda Baba ya ce in zo mu tafi tare. Alhaji yana son mai kauri, irin ta katin biki, mai nauyin giram 250 a kowane murabba'in mita, don a ganinsa ita ce ta manya. A shagon Baba ya sa aka ba mu gutsure uku, 135 da 170 da 250, na takarda mai sheƙi da suke kira at-fefa. Ya ce in ninke kowace sau biyu. Ta 250 ta tsage a bakin ninki, farin cikinta ya fito, ta kuma ƙi kwanciya. Ta 170 ta yi tamoji a daidai gicciyen. Ta 135 ta kwanta lafiya. Ya bayyana mini cewa takarda tana da jijiya kamar itace, in ka ninke ta bin jijiya ba ta gardama, in ka gitta sai ta karye, kuma a ninkin gicciye dole ɗaya daga cikin biyun ya gitta, don haka sirantar takarda ce kawai mafita. Ga kuma bushewar iskar Kano a watan Maris, wadda ke sa takarda ta ƙara saurin tsagewa. Na ɗauki gutsuren uku na kai wa Alhaji, ya gani da idonsa ya haƙura. Takardar tana zuwa ne a manyan falle na inci 24 da 36. In an raba falle biyu, kowane rabi yana ɗaukar A3 biyu, wato fosta huɗu a falle guda. Dubu na bukatar falle 250, Baba ya ce mu sayi 300 saboda waɗanda za su lalace wajen daidaita inji. Irin wannan takarda daga waje ake shigo da ita, a lokacin kuma naira tana ta tangal-tangal, don haka farashin da aka gaya mini ranar Alhamis ba shi na tarar ranar Litinin ba. Na biya naira 72,000, dubu shida sama da lissafin da na kai, sai da na koma na yi bayani.

Kafin a fitar da filet, yaron da ke kula da kwamfutar maɗaba'ar ya buɗe fayil ɗina ya nuna mini gyara uku. Na farko, jan filin bango ya tsaya daidai bakin shafi, alhali ana son ya zarce da milimita 3 ta kowane gefe, shafin ya zama 303 da 426, don in wuƙa ta ɗan kauce kada farin layi ya fito. Na biyu, hotunan suna tsarin launin allo na RGB, ba a mayar da su CMYK ba, wato tawada huɗun da inji ya sani: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Da muka mayar, shuɗin rigar Bakanon ya dushe ya karkata zuwa shunayya, sai da muka rage jan da ke cikinsa. Na uku, ƙananan baƙaƙen rubutuna haɗin tawada huɗu ne, ya ce in mayar da su baƙi zalla, in ba haka ba ko da gashi ɗaya inji ya kauce za su yi inuwa. Muka mayar da duk rubutu zane, aka fitar da PDF. Shi ne kuma ya cece ni daga biyan filet takwas. Ya jera gaba da baya gefe da gefe a kan filet ɗaya, ta yadda in an buga fuska ɗaya sai a juya takardar a sake bugawa da filet ɗin nan, a yanka biyu, kowane rabi ya fito da gaba da bayansa. Filet huɗu ke nan, kowane naira 5,000.

Ranar bugawa na isa ƙarfe 8 na safe kamar yadda aka ce, na tarar da aikin wani a kan inji, wuta kuma ta ɗauke wajen goma, sai da aka tada janareta. Ba a ɗaura nawa ba sai bayan Azahar. Injin tsohon Heidelberg ne, wanda ake kira Kord, launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Wato takarda za ta bi ta cikinsa sau huɗu a kowace fuska, a wanke shi tsakanin launi da launi. Duk wanda bai taɓa gani ba zai tsorata in ya ga fitowar farko, fuskokin mutane shuɗaye kamar ba su ba. Baba yana zaro falle lokaci-lokaci yana duba ƴan alamomin gefe ko launukan sun hau kan juna. Da aka zo kan ja na ga fatar 'yan wasan ta yi ja da yawa, na nuna masa kwafin gwajin, ya rage tawada, muka zubar da wajen falle ashirin kafin ta daidaita. Ana kiran Magariba fuska ɗaya ta kammala, muka sha ruwa da ƙosai da kunu a bakin inji. Na so a juya a daren, ya ƙi, ya ce jan filin nan tawadarsa da yawa, in bai kwana ya bushe ba zai shafi bayan 'yan uwansa. Washegari aka yi ɗaya fuskar. Kuɗin bugawa naira 22,000.

Rana ta uku aka yanka a kan naira 3,000, aka zo ninki. Maɗaba'ar ba ta da injin ninkewa, yara uku ne suka zauna a tebur da hannu, naira 10 kowace. Na bar su na fita sallah, na dawo na tarar sun ninke wajen sittin da fostar a waje, bangon a ciki. Ba laifinsu ba ne, ban ba su samfuri ba. Na ninke guda uku a gabansu, na ba kowa ɗaya ya ajiye a gabansa, na nuna musu su daidaita kusurwa da kusurwa kafin su danne, su kuma goge ninkin da gefen cokali mai santsi maimakon farce. Waɗancan sittin ɗin da aka mayar da su daidai sun yi fari a layi, muka ware su don liƙawa a bango. Da aka ƙirga, kwafi 1,040 masu kyau muka samu, aka ɗaure su hamsin-hamsin. In aka haɗa takarda, filet, bugawa, yanka, ninki, hoto, kwafin gwaji biyu da kuɗin adaidaita sahu, abin ya tasam ma naira 145,000 ban da ladan zane. Wannan farashin wancan lokacin ne, kada wani ya ɗauke shi ya kai wa mai aiki yau.

Da zan sake, tsarin da zan bi ya bambanta da wanda na bi. Zan fara da maɗaba'a, in tambayi girman injinsu da irin ninkin da suke iyawa, domin shi zai faɗa mini girman fostar, ba ni zan faɗa masa ba. Zan ninke farar takarda in sa mata lamba da kibiya, da ita zan je wajen mai aiki, da ita zan je wajen mai hoto. Ba zan ƙara neman amincewar kowa ta hoton WhatsApp a kan abin da ake ninkewa ba, saboda a waya shimfiɗe yake, ba a ganin abin da zai fara fitowa da abin da zai ɓuya. Alhaji ya amince da zanen farko da zuciya ɗaya, kuma zanen ba ya aiki. Sai mutum ya riƙe a hannu ya buɗe da kansa.

Zan kuma rubuta a takardar ciniki cewa farashin takarda na ranar saye ne, in sa kuɗin kwafin gwaji biyu da rarar falle a lissafi tun farko, don komawa neman ciko yana rage wa mai zane daraja ko da gaskiyarsa. In aikin na Sallah ne, a gama bugawa kafin ashirin ga azumi. A ware kwana uku cur na maɗaba'a, ɗaya na kowace fuska, ɗaya na yanka da ninki, kuma mai zane ya tsaya a bakin inji da kwafin da aka sa wa hannu, musamman lokacin da ake ɗora ja, don a nan fatar mutum take gyaruwa ko ta lalace.

Akwai abu ɗaya da ban gyara ba, na kuma gane shi ne a ranar wasan. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon masu shigowa, da yawa da takardar a hannu, wasu ta yi laushi saboda zaman aljihu. Bayan an tashi mutane suka yi layi suna miƙa wa 'yan wasan fostar su sa musu hannu, sai biro ya ƙi kamawa a kan sheƙin takardar, ga shi kuma ban bar ko ɗan farin fili ba, ko'ina launi ne. Sai da aka aika yaro ya sayo maka mai kauri. A fayil ɗin da na ajiye don wasan gaba na riga na buɗe farin akwati mai faɗin santimita 8 da tsawon 4 a ƙasan fostar ta dama, nesa da layin ninki.